Ɗan Hakin da ke Cikin Ramin Bol

Ɗana, tunda Allah Ya sa abincinka yana jikin manyan injinan haƙa, ko kana kan kujerar eskabeta kana sarrafa ta, ko kana tsugune a gindinta da sifana a hannu, zo mu zauna a kan wata 'yar magana da yawancin sa'o'inka ke tsallakewa. Maganar ramin bol ce, hudar nan da ake zura bol a ciki a ɗaure wuƙar bakin bokiti, da wuƙaƙen gefe, da sauran faranten ƙarfen da ake liƙa wa bokiti don ƙasa ta ci su ta bar shi. Na san abin da zai zo maka a rai. Inji mai nauyin tan 20, irin su Caterpillar 320 da Komatsu PC200, wanda ke tumɓuke kututturen ɗorawa ya ɓarke marmara, ina ruwansa da ɗan yashin da bai cika cokalin shayi ba? Da a ce da girman jiki ake auna ɓarna, da na bi bayanka. Amma Hausawa sun riga sun faɗa, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma a wannan sana'a hakin yana da lissafi, har da milimita ana iya auna shi. Abin da nake so ya zauna maka shi ne, share rami da fuskar ƙarfe kafin a ɗaure bol yana cikin ɗaurin kansa. Wanda ya ɗaure a kan datti, ko da ya hau sifana da ƙafa biyu, da sauran aiki a gabansa.

Mu fara da dalilin da ya sa ake ɗaura waɗannan ƙarafa da bol tun farko. Yashi da tsakuwa da galibin duwatsun da ake fasawa cike suke da farin ma'adinin nan mai ƙyalli da masana ke kira kwaz. A ma'aunin taurin ma'adinai na Mohs, mai hawa goma, kwaz yana hawa na 7, ƙarfen wuƙa kuwa da ƙyar yake kaiwa 6. Ma'ana, duk ranar da bokiti ya shiga ƙasa, da abin da ya fi shi tauri yake gogayya. Ko ƙarfen Hardox da kamfanin SSAB na ƙasar Suwidin ke yi, wanda ake sayarwa da lambar taurinsa, 400 ko 450 ko 500, jinkirta cin yake yi, ba ya hana shi. Da masu ƙera inji suka ga babu makawa sai ƙasa ta ci ƙarfe, sai suka ware mata nata rabon. Suka sa wuƙa da faranti a gaba, suka ɗaure su da bol, don in sun ƙare a kwance a jefar a sa sababbi, leɓen bokitin na asali yana nan lafiya. Wasu wuƙaƙen ma, musamman na faffaɗan bokitin gyaran magudana, baki biyu gare su, in ɗaya ya dakushe a juya ɗayan. Ka ga ke nan aiki biyu ake nema wurin bol ɗin nan: ya riƙe gam muddin ana aiki, ya kuma kwantu cikin sauƙi ranar da aka zo canji. Datti duka biyun yake ɓatawa, amma ta hanya daban-daban.

Yaro da yawa a gareji yana ɗaukar bol tamkar turke, wato abin da aka soka a rami don ya tare faranti kada ya zame. A nan kuskuren yake farawa. Bol ya fi kama da robar da ɗan acaɓa ke ɗaure kaya da ita a bayan babur. In kana murɗa noti, jan bol ɗin kake yi yana miƙewa, shi kuma yana neman komawa yadda yake, wannan neman komawar ce ke matse wuƙa da leɓen bokiti wuri ɗaya. Da zarar sun matsu, fuskokin ƙarfen biyu ne ke riƙe juna su ɗauki dukan da dutse ke yi, bol ɗin bai ma san ana yi ba. Bol mai ƙarfi mai kaurin inci ɗaya, in an ɗaure shi yadda ya kamata, matsar da yake yi ta haura tan 20. To amma nawa ya miƙe kafin ya ba da wannan ƙarfi? Ƙarfe ba roba ba ne, miƙewarsa ba ta wuce kashi uku cikin dubu na tsawonsa ba. In kaurin wuƙa da na leɓe sun haɗu sun ba da milimita 60, duk miƙewar ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Ɗauki takardar littafin makaranta guda biyu ka haɗa, ka murza a tsakanin yatsunka. Wannan kaurin da ka ji, a kansa tan 20 ɗin nan take rataye. Ƙwayar yashin gini kuwa, matsakaiciya, tana kai rubu'i zuwa rabin milimita. Ƙwaya ɗaya ta fi duk miƙewar bol ɗinka kauri.

Yanzu ka duba abin da ke faruwa in an ɗora sabuwar wuƙa a kan leɓen da ba a kankare ba. Akwai busasshiyar laka a kai, da ɓawon tsatsa, da yashin da ya maƙale a bakin rami, wani lokaci har da fenti mai kauri da ya zo a jikin sabuwar wuƙar. Ka ɗaure, sifana ta yi nauyi, ka ji a hannunka cewa ta kama. Gaskiya ne ta kama, amma a kan tsakuwa ta zauna. Ofareta ya tayar da inji, ya kafa bokiti a burji, ƙarfin da ya haura tan goma ya sauka a bakin. Kafin azahar yashin nan ya niƙe ya zama gari, ɓawon tsatsa ya farfashe, girgiza ta kakkaɓe su waje. Ƙarfe ya matso ya cike gurbin, bol ya koma tsawonsa na asali, matsa ta tafi. Notin yana nan inda ka bar shi, ko juyi ɗaya bai yi ba, shi ya sa in abin ya lalace ake cewa bol ɗin ne jabu, ko kuma a ce yaron bai ɗaure ba, alhali ya ɗaure har da gumi. Daga nan wuƙa ta fara motsi, kaɗan-kaɗan, ido ba ya gani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: sabuwar ƙasa ta kutsa tsakanin ƙarafan biyu, tana gurzar su kamar dutsen niƙa. Bol ya koma turken da ka zata tun farko, duka yana sauka a wuyansa kai tsaye. Alamar tana fitowa ga mai lura. Za ka ga wani jan gari kamar na barkono yana tsattsafowa daga gefen noti, ko ka ga zoben ƙarfe yana sheƙi a kewayensa, ko ka ƙwanƙwasa wuƙar da guduma ka ji ta amsa da muryar fasasshiyar tukunya. In aka bar shi, ramin da ke zagaye ya zama kamar ƙwai, kuma ramin leɓen bokiti in ya buɗe ba ya sake riƙe bol da kyau, sai an kai ga mai walda ya cike a sake hudawa, ko a yanke leɓen gaba ɗaya. Abin da aka sa wuƙar ta kare, shi aka rasa.

Akwai ɓarna ta biyu da datti ke yi, ita kuma a cikin tiredi take, wato zaren bol ɗin da noti ke bi, kuma ta fi ta farko yaudara. Cikin ƙarfin da kake zubawa a sifana, kusan kashi 90 cikin ɗari gogayya ce ke cinye shi, wajen rabi a ƙarƙashin noti, saura a cikin tiredi. Abin da ke isa ga bol ya miƙar da shi bai wuce kashi 10 ba. To in yashi ya shiga tiredi, ko tsatsa ta cika shi, gogayya ta ƙaru, ɗan rabon bol ɗin ya ƙara ƙanƙancewa. Sifana mai awo za ta yi ƙara ta ce ka kai lamba, hannunka ma zai ce ka kai, duk sun faɗi gaskiyar abin da suka ji, amma nauyin datti suka ji. Haka kuma wurin zaman kan bol. Irin bol ɗin da ake ɗaure wuƙa da shi kansa a shafe yake, yana nutsewa cikin wani gurbi mai kama da mazurari don kada ƙasa ta same shi, a ƙarƙashin kan kuma akwai wuya mai kusurwa huɗu da ke shiga ramin ya hana shi juyawa. In laka ta daskare a cikin mazurarin, kan ba zai zauna daidai ba. Ko ya karkace, ya riƙa ɗaukar nauyi da gefe ɗaya har ya tsage a wuya, ko ya ɗan leƙo sama, dutse ya riƙa aske shi har ya ƙare. Wuyan nan mai kusurwa huɗu ma in bai shige ba, ranar kwancewa kana murɗa noti bol yana bin ka, ku yi ta zagaye tare.

Gyaran abin ba shi da tsada, kuma wannan ne ke ba da haushi. Ka sa bokiti a kan katako mai ƙarfi, a kashe inji, makulli ya shiga aljihunka. Ka kankare leɓen da ƙarfe mai faɗi har ka daina jin gargada, ka bi da buroshin waya har farin ƙarfe ya fito, in akwai wurin da bakin rami ya tashi ka shafe shi da injin gurza. Kowane rami ka zura masa ƙarfe mai tsini ka fasa lakar da ta daskare, ka bi da ɗan buroshi, ka hura da iskar kwampireso in akwai, in babu tsumma a kan sanda ya wadatar. Sabuwar wuƙar ma ka juya bayanta ka duba, don ta kwana a ƙasa a kasuwa, ta sha ƙura a bayan mota. Ka gwada notin a kan bol da yatsu kawai: in ya tafi sumul har ƙasa, tiredin lafiya yake, in ya tsaya a hanya kada ka ce sifana za ta lallashe shi. Wajen daidaita ramuka, ka yi amfani da ƙarfe, kada ka kuskura ka zura yatsa don ka ji ko sun haɗu, domin wuƙar babban bokiti ta fi buhun siminti biyu nauyi, in ta zame almakashi ce. Sai ka sa duka bol ɗin da hannu tukuna, ka fara ɗaurewa daga tsakiya kana fita zuwa gefe, don wuƙar ta kwanta kamar yadda ake shimfiɗa tabarma. In ka gama, ka sa tabarau, ka bi kawunan bol ɗin da guduma ka daddoke su su ƙara nutsewa, ka sake bin su da sifana. Za ka yi mamakin yadda notin da ka rantse ya ƙare zai sake ba ka hanya. Ɗaurin kuma ba na wasa ba ne. Awon da ake ba bol mai inci ɗaya ya haura a rataya buhun masara mai kilo 100 a ƙarshen sanda mai tsawon mita ɗaya, don haka ka nemi lambar a littafin injin, kada ka dogara da ƙwanjinka. Bayan inji ya yi aikin 'yan sa'o'i, a tsaya a sake bi.

Za ka ce, Baba, duk wannan tsafta ta mece ce, alhali minti biyar bayan mun gama bokitin zai nutse cikin taɓo har wuya? Tambaya ce mai kyau, kuma ita ce ke sa yawancin yara sakaci, don suna ganin kamar wanke jaki ne da zai koma birgima. Amsar ita ce, ƙasar da ta zo bayan ɗauri daban, wadda aka ɗaure da ita daban. Fuskoki biyu masu tsafta da aka matse da tan ashirin-ashirin a kowane bol ba su bar wa ƙwayar yashi ƙofa ba, taɓo zai shafe su ta waje ya bushe ya zube. Wadda ka rufe a ciki kuwa ta riga ta shiga ɗaki, kuma ita ce za ta buɗe wa 'yan'uwanta. Tun ran gini ran zane. Minti talatin ɗin da ƙarafan nan suke a buɗe, kafin su haɗu, su ne kaɗai lokacin da kake da iko a kan abin da zai zauna tsakaninsu na wata da watanni.

Akwai kuma masu cewa ƙasar da ke cika gurbin noti bayan an ɗaure ai gata ce, tana rufe notin ta kare shi daga gurzar dutse, don haka a bar ta. Ba zan ce maganarsu babu ƙamshin gaskiya ba. Ƙasar da ta daskare a lungu tana karɓar gurzar da ƙarfe zai sha, masu ƙera bokiti ma sun san haka, shi ya sa ake jera sandunan ƙarfe a bayan bokiti da tazara don ƙasa ta maƙale a tsakani. In da rani ne, a busasshen burji, aikin sati biyu, ba zan tsaya jayayya ba. Amma ka tuna damina. Jar laka tana riƙe danshi kwana da kwanaki bayan saman ƙarfe ya bushe, kuma a irin wannan matsattsen lungu mai laima tsatsa ta fi cin ƙarfe. Tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, ninki da yawa, sai ta kumbura a cikin tiredi ta haɗe noti da bol su zama abu guda. Rana ta zo ta gasa lakar ta koma kamar tubali. Ranar da aka zo juya wuƙa, kan sifana ba ya ma shiga gurbin, sai a ɗauko guduma da ƙarfe a yi ta sassaƙa rami ɗaya bayan ɗaya, ga bol goma ko fiye suna jira, ga tifofi sun yi layi. A irin wannan gajiya ce ake ɗora sifana a kan rabin noti, ta zame ta cinye kusurwoyinsa, ko ta tafi da fatar hannun mutum. Kariyar da lakar ta bayar, ka ga an biya ta da tsada. In kariya ake so, a sa abin da za a iya cirewa.

Abin toshewar ba sai an yi odarsa daga waje ba. Wasu kamfanoni suna sayar da murafun roba da aka yi don wannan, amma guntun tsohon tiyo da aka zura a kan tiredin da ya leƙo yana aiki, haka guntun robar taya da aka yanka daidai gurbin aka danna, haka tsumma da aka cusa aka shafe bakinsa da giris. Masu amfani da gam ɗin silikon, irin na masu haɗa gilashi, su ma suna kan hanya, don ranar cirewa da tsinin sukudireba ake ɗago shi ya fito ɗungurungum, noti ya bayyana tas. Sai dai ka shinshina kafin ka saya: mai warin tsami yana fitar da asid lokacin da yake bushewa, kuma asid da ƙarfe ba sa shiri, ka nemi marar warin. Sharaɗi ɗaya ne a kan dukkansu, bayan an gama ɗauri da sake ɗauri ake sa su, a waje. Duk abu mai laushi da ya shiga tsakanin wuƙa da leɓe, ko gam ne ko roba, aikin yashi zai yi maka, ya lotse ya tafi da matsa. Ramukan da ba a amfani da su ma, kamar na gefen bokiti in an cire wuƙaƙen gefe don haƙa siririn rami, kada a bar su a buɗe ƙasa tana bi tana cin bakinsu. Tsohon gajeren bol da noti ya isa ya tsare su. Tsawon bol ma yana da magana: tiredi biyu ko uku su leƙo bayan noti, abin da ya wuce haka dutse zai tanƙwara shi ko ya daddage kansa, noti ya rasa hanyar fita. Ba na ce toshiyar za ta dawwama ba. Wata za ta faɗi a satin farko, musamman a dutse. Wadda ta faɗi a mayar, ai ba ta kai kuɗin ruwan leda biyu ba.

Giris kuwa, ka yi hattara da shi, don abokin da ke da fuska biyu ne. A kan tiredi mai tsafta, ɗan shafi kaɗan na man hana kamewa yana sa noti ya kwantu bayan damina guda. Amma giris da ya haɗu da yashi ya zama irin man da ake wasa bawul da shi, gurza yake yi. Bol ɗin da aka shafa wa mai ya faɗi ƙasa, a wanke shi da fetur ko dizal a sake, kada a goge a wando a zura. Sannan mai yana rage gogayyar nan da muka yi magana, saboda haka in littafi ya ba da awon busasshen bol, kai kuma ka shafa mai ka ɗaure da wannan awon, ka ja bol ɗin fiye da ƙima, yana iya miƙewar da ba ta komawa. Ka duba wanne littafin ya ce, busasshe ko mai mai, ka bi shi. Fuskar wuƙa da ta leɓe kuwa a bushe ake son su, tunda riƙon da suke yi wa juna shi ne aikin.

Sai babbar hujjar gareji, wadda ake faɗa da dariya: in ya ƙi kwantuwa ai akwai wuta, in ya ƙi zama ai akwai walda. Wuta tana da ranarta. Notin da ya riga ya mutu, yanke shi da wutar gas ya fi a kwana ana fama, kuma tunda bol ɗin da ya gama zagaye ɗaya na aiki bai kamata a mayar da shi ba, asararsa ba ta da yawa. Amma a yanka notin, a bar ramin. Mai yankan da ke aiki a gurbin da laka ta cike ba ya ganin inda harshen wutarsa yake sauka, ga lakar mai danshi tana fashewa tana watso masa a fuska, ƙarshenta ya ɗan lashi bakin ramin leɓe, daga wannan tabon kuma tsaga ke farawa. Waɗannan ƙarafa taurinsu daga wuta da sanyaya aka samo shi a masana'anta, kuma wuta ce ke karɓe shi. Masu yin Hardox da kansu sun ce in zafinsa ya wuce digiri 250 ba ya riƙe taurinsa. Harshen wutar gas ya haura digiri 3,000. Shi kuwa ɗigon walda da ake yi a kan noti don kada ya kwance, maganin ciwon da ba shi ne ke damun mara lafiya ba ne. Mun riga mun ga notin bai juya ba, abin da ke ƙarƙashinsa ne ya niƙe. Ka liƙe noti a kan bol ɗin da ya saki, ka hana kanka sake ɗaure shi, ka kuma gasa ƙarfen bol ɗin ya yi rauni. Wanda ya kai ga liƙe wuƙar gaba ɗaya da walda a jikin leɓe, ya mayar da bokiti mai bol ya zama marar bol, duk canji na gaba sai an yi yanka.

Na san kuma ba kai ke da inji ba, kuma ba kai ke da lokaci ba. Injin haya ne, kwana ake biya, mai kwangila yana tsaye yana duba agogo, ogan gareji yana cewa a yi a gama. Yaro a irin wannan wuri ba ya son a ce shi ne mai nawa. Ba zan ce ka yi musu da na gaba da kai ba, ba tarbiyyarmu ba ce, kuma ba ta kai ka ko'ina. Amma akwai yadda ake faɗar gaskiya ta shiga. Ka ce, Oga, a ba ni rabin awa in share, don kada mu dawo jibi. Ogan da ya san aiki ya san abin da ake nufi da dawowa jibi: inji a tsaye, direbobin tifa suna zaune a inuwa ana biyan su, a aika mutum Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman bol, in wurin aikin daji ne kwana guda ta tafi a hanya. Sauri ya haifi nawa. Mafi kyau ma kada ka bari a kai ga roƙon lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya: in ka san gobe za a canza wuƙa, yau da yamma ka wanke bokitin tun lakar tana ɗanya, ka fasa gurabun, ka ɗiga wa kowane noti dizal ko man kwance tsatsa ya kwana yana shiga. Buroshin waya da ƙarfe mai tsini su zauna a akwatinka kamar yadda sifana take zaune. Da safe aikin da ake ba awa uku sai ka ga ya ƙare kafin rana ta yi zafi, kuma masu inji suna lura da hannun da in ya taɓa abu ba a sake kiransa a kai.

Tunda an ambaci sayen bol, ka riƙa duba kansa inda aka buga lamba. Na awon milimita za ka ga 8.8 ko 10.9 ko 12.9, na awon inci kuma layuka ne, uku matsakaici, shida mai ƙarfi. Bakin bokiti mai ƙarfin yake so, da noti da ya dace da shi. Marar lamba, komai ƙyallinsa, ka bar wa mai ƙofar gida.

Haƙoran bokiti galibi ba bol ke riƙe su ba, fin ne da ɗan zoben da ke kulle shi, amma dokar ɗaya ce. In ba a share hancin da haƙori ke zama a kai ba, haƙorin ba ya shigewa har ƙarshe, ramuka ba sa haɗuwa, a yi ta dukan fin da ƙarfi har zoben ya lalace. Haƙorin da ya faɗi a ramin burji asarar kuɗi ce kawai. Wanda ya faɗi a wurin fasa dutse, irin na Mpape a Abuja, ya bi tifa ya shiga injin niƙa, wannan yana iya tsayar da wurin gaba ɗaya, kuma ciro ƙarfen da ya maƙale a bakin injin niƙa yana cikin ayyukan da suka fi hatsari a wurin, don yana iya fitowa kamar harsashi. Ka kuma kula da ƙirjinka lokacin hura ramuka da iska. Garin dutsen nan mai laushi in ya shiga huhu ba ya fita, kuma cutar da yake jawowa ba ta warkewa. Ka rufe hanci, ka tsaya ta inda iska ke tahowa, ko ka jiƙa wurin ka goge ka bari ya bushe.

Kai kuma da ke kan kujera, rabin aikin nan naka ne, don kai kake kwana da injin ka tashi da shi. Bakanike sau ɗaya yake zuwa. In an tashi aiki, kafin laka ta bushe, ka kakkaɓe bokitin ka kankare bayan leɓe inda notin suke. Ka riƙa duba tazarar da ta rage tsakanin bakin wuƙa da ramukan bol, a juya ta ko a canza tun cin bai iso su ba, don in ya iso, leɓen ya riga ya fara tafiya. Ranar da aka gama ɗauri na biyu kuma, ka nemi ɗan farin fenti ka ja layi ɗaya daga kan tiredi, ya bi ta kan noti, ya sauka a jikin ƙarfen. Inda toshiya ta rufe notin, gudumar ce idonka. Kowace safiya, kafin ka tayar da inji, ka zagaya da 'yar guduma da tsumma, ka goge, ka duba, ka ƙwanƙwasa. In layin ya rabu biyu, ko jan garin nan ya fito, ko muryar ƙarfen ta canza, kada ka tsaya ga ƙara ɗaure wannan noti ɗaya. A sauke wuƙar a ga abin da ke bayanta.